Ciwon zuciya a ƙasar Sin: cutar ce ke ƙaruwa, ko tsofaffi ne suka yi yawa?

Auwal K.

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Rahoton shekara-shekara da Cibiyar Cututtukan Zuciya ta ƙasar Sin ke fitarwa daga asibitin Fuwai na Beijing ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 330 ne ke ɗauke da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini. A cikinsu miliyan 245 hawan jini ne, miliyan 13 shanyewar ɓarin jiki, miliyan 11 da ɗoriya toshewar jijiyoyin zuciya, kusan miliyan 9 kuma gazawar zuciya. Duk mutum biyar da suka rasu a ƙasar, biyu wannan ne sanadinsu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tun 2009 mace-macen ƙauye suka zarce na birni, alhali an saba cewa ciwon zuciya ciwon masu kuɗi ne. Ina so likitocinmu da masana su warware mana: me ke tura wannan adadi sama, kuma wane mataki ne aka gwada aka ga ya yi aiki?

Kabiru Ƙididdiga

Wa alaikumus salam Malam Auwal. Kafin a shiga dalilai, a gyara zaman lissafin tukuna. Miliyan 330 ɗin nan kusan kashi uku cikin huɗu masu hawan jini ne, wato mutanen da ke kan hanyar ciwon, ba waɗanda zuciyarsu ta riga ta samu matsala ba.

Sai batun mace-mace. Daga 1990 zuwa 2016 masu mutuwa a shekara sun tashi daga kusan miliyan 2.5 zuwa dab da miliyan 4. Amma idan aka daidaita shekaru, wato aka ƙaddara cewa rabon yara da tsofaffi bai canza ba tsakanin shekarun biyu, sai a ga mace-macen sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100. Duka biyun gaskiya ne. Ɗan shekara 65 na yau ya fi na 1990 samun damar tsira, sai dai 'yan shekara 65 ɗin ne suka ninka. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 264 masu shekara 60 zuwa sama.

Idan aka raba cutukan kuma, ba hanya ɗaya suka bi ba. Mutuwa ta shanyewar ɓarin jiki, bayan daidaita shekaru, ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba ya ja baya sosai. Amma toshewar jijiyar zuciya hawa ta yi. Don haka wanda ya ce "ciwon zuciya na ƙaruwa a Sin" sai a tambaye shi: wanne?

Likita Sadiya

Na yarda da Malam Kabiru a rabi, amma kada tsufa ya zama bargon da za a lulluɓe komai da shi. An bi mazauna Beijing masu shekara 35 zuwa 74 daga 1984 zuwa 1999, aka ga mutuwa ta toshewar jijiyar zuciya ta ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 a maza, kashi 27 a mata, kuma wannan bayan an cire tasirin tsufa ne. Da aka bi diddigi, kusan kashi 77 na ƙarin daga hawan kolestarol ya zo, don a shekara 15 ɗin matsakaicin kolestarol na mutanen birnin ya hau da kusan milimol 1 a lita. Lokacin ne nama, ƙwai da man girki suka wadata bayan gyaran tattalin arziki na 1978.

A asibiti ma an gani. Binciken China PEACE ya nuna waɗanda aka kwantar da mummunan bugun zuciya, irin wanda jijiya ke toshewa gaba ɗaya, sun tashi daga 3.5 cikin mutum 100,000 a 2001 zuwa 15.4 a 2011. Ninki huɗu a shekara goma. Abin takaicin, mutuwa a gadon asibiti ba ta ragu ba a tsawon lokacin. An sayi na'urori, an ƙara yawan aikin buɗe jijiya, amma kusan kashi 45 na waɗanda suka cancanci a buɗe musu jijiya, ko da allurar narkar da gudan jini ce, ba a yi musu ba, a 2001 haka, a 2011 ma haka.

Wannan ne ya sa daga 2011 aka fara kafa cibiyoyin ciwon ƙirji. Tsarin ba wani sihiri ba ne: a ɗauki hoton bugun zuciya cikin minti 10 da isowa, ƙaramin asibiti ya tura hoton ta waya zuwa babba, idan majinyaci ba zai kai ɗakin aiki cikin minti 120 ba a yi masa allurar narkarwa a nan inda yake, kuma kada a tsayar da shi wajen biyan kuɗi ko neman gado. Har ranar 20 ga Nuwamba suka ware, saboda lambar 1120: ka kira 120, lambar motar asibiti, ka kuma tuna minti 120.

Auwal K.

Likita, to ƙauye fa? Can ai naman bai kai na birni yawa ba.

Hajiya Rabi

Malam Auwal, amsar ƙauye tana cikin tukunya, gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana. Awon fitsarin awa 24 da aka tattara daga sassan ƙasar ya nuna Basine na cin kusan giram 11. Na ce awon fitsari ne don tambayar baki ba ta da tabbas: ana ba mutum jarka, ya zubar da fitsarin farko na safe, ya tara duk wanda ya biyo baya har na farkon washegari, a auna sodiyam. Kowane milimol 100 daidai yake da gishiri giram 5.8. Inda aikin ke lalacewa shi ne mutum ya manta sau ɗaya ko biyu bai tara ba, sai sakamako ya nuna ƙasa da gaskiya.

Arewa ta fi kudu ci, kuma dalilin tarihi ne. A Heilongjiang, Jilin da Liaoning sanyi kan hana ganye tsawon watanni, sai a jiƙa kabeji da sauran kayan lambu a ruwan gishiri a randa, a ci har bazara. Yankin arewa maso gabas ɗin ne kuma ya fi yawan sabbin masu shanyewar ɓarin jiki. Zuwan firji da kayan lambu na kowane lokaci ya ɗan sauke na arewa, amma na kudu hawa yake saboda abincin gidan sayarwa da na leda.

Bambancinsu da Ingila ko Amurka shi ne mafi yawan gishirin hannun mai girki ne ke zuba shi, ba kamfani ba. Sai ruwan waken soya da suke ɗanɗana abinci da shi: babban cokali ɗaya na ɗauke da kusan giram biyu da rabi na gishiri. Sai farin magi, wanda sodiyam ɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na gishiri. Shi ya sa gwamnatin Beijing ta raba wa gidaje 'yan cokula masu ɗaukar giram 2 daidai, ana kuma koya wa mutane cewa marfin kwalba da aka share bakinsa giram 6 ne. Sai dai mai girki kan auna gishirin ta manta da ruwan soya da kayan jiƙo.

Abin da ya yi aiki a fili shi ne canza gishirin kansa. A ƙauyuka 600 na larduna biyar na arewa, mutum 20,995 suka shiga gwaji. Rabin ƙauyukan aka ba su gishiri mai kashi 75 na gishirin da aka sani da kashi 25 na fotasiyam kulorayid, rabi suka ci gaba da nasu. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14, manyan matsalolin zuciya da kashi 13, mutuwa da kashi 12. An wallafa a 2021.

Bello Famasi

Hajiya, kafin wani ya karanta ya ruga kasuwa, a faɗi waɗanda aka cire daga gwajin: masu ciwon ƙoda mai tsanani, masu shan maganin fitsari da ke riƙe fotasiyam irin su spironolactone da amiloride, da masu shan ƙwayar fotasiyam. Ƙoda ce ke fitar da shi. Idan ta gaza, ya taru a jini ya haura milimol 6, bugun zuciya na iya rikicewa ko ta tsaya cak, kuma sau da yawa babu wata alamar gargaɗi sai kasala. Mai shan lisinopril ko losartan ba a hana shi kai tsaye ba, amma a duba ƙodarsa da fotasiyam kafin ya fara, a sake bayan mako biyu zuwa huɗu. Mai suga da ya daɗe da ciwon shi ma haka, don da yawansu ƙodar ta taɓu ba su sani ba.

Kabiru Ƙididdiga

Ƙari a kan na Malam Bello. Fiye da kashi 70 na mutanen gwajin sun taɓa yin shanyewar jiki, sauran 'yan shekara 60 ne zuwa sama masu hawan jini. Mutane ne masu haɗari sosai, shi ya sa saukar awo da maki 3 kacal ta nuna a mace-mace. Sannan ba a riƙa ɗibar jininsu ana duba fotasiyam ba, abin da aka ƙirga shi ne wanda ya kwanta ko ya mutu. Ba a ga ƙari a nan ba, wannan labari ne mai daɗi, amma ba daidai yake da a ce ba wanda fotasiyam ɗinsa ya hau ba.

Hajiya Rabi

Gaskiya ne. Sai dai maki 3 a kan mutum miliyan 245 ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ya buƙatar likita ko shan ƙwaya kullum. A nan ne nake ganin abin ya shafe mu, tunda mu ma a tukunya muke zubawa, ga dunƙulen magi wanda kusan rabinsa gishiri ne.

Ummi Nas

Gishiri na haddasa ciwon, amma abin da ke kashe mutanen ƙauye shi ne an samu ciwon ba a riƙe shi ba. Binciken ƙasa na 1958 zuwa 1959 ya samu hawan jini a kashi 5 cikin 100. A 1991 kashi 13.6. Na 2012 zuwa 2015 kashi 23 na manya. A cikin masu ciwon, ƙasa da rabi ne suka san suna da shi, kashi 41 ke shan magani, kashi 15 kacal ne awonsu ya sauka ƙasa da 140/90. Wani binciken na mutum miliyan 1.7 masu shekara 35 zuwa 75 ya samu kashi 7 ne kawai. Kuma mafi yawan masu shan magani ƙwaya iri ɗaya suke sha, ko da awon bai sauka ba, ba mai ƙara musu.

Sai aka yi gwaji a ƙauyuka 326 da mutum kusan 34,000, a larduna uku. Ba ƙwararrun likitoci aka tura ba. Ma'aikatan lafiyar ƙauye aka horar, jikokin tsarin da aka sani da likitoci marasa takalmi, aka ba su takarda ɗaya mai matakai: awo bai kai ƙasa da 130/80 ba, ƙara magani na biyu, bai kai ba, na uku, sannan a nemi shawarar likita na sama. Magani kyauta ko da rahusa, na'urar awo a gidan majinyaci, ziyara a kai a kai, da ɗan alawus ga ma'aikacin da mutanensa suka kai mizani. Bayan wata 18, kashi 57 sun kai, a ƙauyukan da ba a taɓa ba kashi 20. Bayan shekara uku, bugun zuciya, shanyewar jiki, gazawar zuciya da mutuwa ta ciwon zuciya ko jijiyoyin jini a haɗe sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Farashinsa shi ne awo ya sauka fiye da kima a wasu, amma ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Shi kansa awon akwai inda ake ɓata shi. Mutum ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Kada ya sha taba ko shayi mai ƙarfi minti 30 kafin nan, ya kuma fara zagayawa idan yana jin fitsari. Maɗaurin ya dace da damtse: ƙarami a kan hannu mai kauri na ƙara maki da yawa na ƙarya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, kwana bakwai, a watsar da na ranar farko. A gida iyakar 135/85 ce, ba 140/90 ba.

Malam Idi Maradi

Malama Ummi, wannan 130/80 ɗin ai ita ta ta da ƙura a can. A Nuwamban 2022 wasu ƙungiyoyin likitoci suka fitar da ƙa'idar da ta mai da iyakar gane hawan jini 130/80, kwana biyu tsakani Hukumar Lafiya ta ƙasar ta fito ta ce 140/90 na nan daram. Ni ina bayan hukumar. Sauke iyakar zai kusan ninka yawan masu ciwon a takarda. Ƙasar da ba ta iya riƙe biyu cikin goma na waɗanda take da su ba, ina amfanin ƙara wa kanta kaya?

Likita Sadiya

Malam Idi, abu biyu ne ake cakuɗawa: iyakar da za a ce mutum na da ciwo, da inda ake so a kai wanda ya riga ya fara magani. A na biyun hujjar tana da ƙarfi, kuma daga Sin ɗin ta fito. Gwajin STEP na 2021 ya ɗauki mutum 8,511 masu shekara 60 zuwa 80, aka kai lambar sama ta awon jinin wasu tsakanin 110 da 130, ta wasu tsakanin 130 da 150. Na farkon sun samu raguwar matsaloli da kashi 26. Dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci gare su shi ne hawan jini a Sinawa ya fi ƙarewa a ƙwaƙwalwa, kuma kason fashewar jijiya a cikin shanyewar jikinsu ya fi na Turawa. An ƙiyasta kusan huɗu cikin kowane Basine goma da ya kai shekara 25 zai gamu da shanyewar jiki a rayuwarsa, mafi yawa a duniya. A kan iyakar ganewa kuwa, ina tare da kai.

Garba T.

An yi nisa ba a taɓo sigari ba. Masu sha sun haura miliyan 300. A binciken 2018, rabin maza na sha, mata kashi 2 cikin 100. Wannan tazarar ce ke ɓoye abin: matsakaicin ƙasa kashi 26.6 ne, sai ka ɗauka da sauƙi. Matan da ba sa sha kuma a ɗaki ɗaya suke da mai sha, ga tagogi a rufe lokacin sanyi. Sama da mutum miliyan ɗaya taba ke kashewa a shekara, kuma masu bincike sun yi hasashen miliyan biyu nan da 2030 idan ba a daina ba, don mazan da suka fara sha tun suna samari a shekarun 1980 yanzu ne suke shiga shekarun ciwo.

Me ya sa ta ƙi sauka? Kamfanin tabar na gwamnati ne, shi ke yin sama da kashi 40 na sigarin duniya, kuma hukumar da ke sa ido a kan taba da kamfanin gida ɗaya ne. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta duniya a 2005, amma har yau kwalin da ake sayarwa a cikin ƙasar rubutu ne kawai, babu hoton huhu ko ƙafar da ta ruɓe. Kwalin sigari mai tsada kyauta ce ta girmamawa, a biki ana jera shi a tebur. Beijing ta hana sha a cikin gine-gine daga Yunin 2015, Shanghai a 2017, amma dokar birni-birni ce.

Sai hayaƙi. Tsakanin 1950 da 1980 gwamnati ta ba garuruwan arewacin kogin Huai kwal kyauta don ɗumama gidaje, kudu ba a ba su ba. Wani nazari na 2017 ya ƙiyasta wannan ya rage wa mutanen arewa kusan shekara 3 na rayuwa, ta hanyar ciwon zuciya da huhu. Ƙananan ƙwayoyin ƙura na shiga jini ta huhu, su kumbura bangon jijiya, su sa jini saurin daskarewa. A nan kam an yi ƙoƙari: a Beijing ma'aunin wannan ƙura a iska ya faɗo daga kusan 90 a 2013 zuwa 33 a 2021, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya 5 take so. A ƙauye matsalar murhu ce. Binciken Kadoorie, mai bin mutum sama da 500,000 tun 2004, ya samu masu girki da kwal ko itace sun fi mutuwa da ciwon zuciya da kusan kashi 20, kuma haɗarin ya yi sauƙi ga waɗanda suka koma gas ko lantarki, ko murhunsu ke da bututun fitar hayaƙi.

Kabiru Ƙididdiga

Na kogin Huai a riƙe shi da hannu biyu. Nazarin farko na 2013 shekara 5.5 ya ce, na biyu da ingantattun bayanai ya sauko 3.1. Alkiblar tabbas ce, girman ne ke motsi.

Bello Famasi

Akwai ɓangaren da ya shafi 'yan'uwanmu da suka karanta likitanci a Sin suka dawo, da masu zuwa can neman magani: awon magunguna ba ɗaya ba ne.

Clopidogrel, maganin hana jini yin guda, sai hanta ta juya shi kafin ya yi aiki, kuma kusan shida cikin Sinawa goma na ɗauke da ƙwayar gadon da ke rage wannan juyawar. Gwajin CHANCE na asibitin Tiantan a 2013 ya nuna haɗa shi da asfirin cikin awa 24 bayan ƙaramar shanyewa, na kwana 21, ya sauke maimaituwa daga kashi 11.7 zuwa 8.2. Da aka duba baya, masu waccan ƙwayar gado ba su amfana sosai ba. A 2021 aka gwada musu ticagrelor, wani maganin mai irin aikinsa, aka samu kashi 6.0 maimakon 7.6.

Warfarin, maganin tsinka jini, kuma akasin namu ne. Basine kan daidaita a wajen miligiram 3, baƙar fata sau da yawa sai 5 zuwa sama. Wanda ya ɗauko awon can ya kawo nan, jinin majinyacinsa ba zai tsinke yadda ake so ba. Wanda ya kai namu can, zubar jini zai jawo. Awon INR, gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, shi ne alƙali, ba al'ada ba.

Maganin kolestarol na rukunin statin ya fi taruwa a jininsu, shi ya sa ake fara rosuvastatin da miligiram 5, kuma ƙa'idarsu ta fi son matsakaicin awo a haɗa da ezetimibe a kan a ninka. Alamar matsala ita ce ciwon cinya da kafaɗa ɓangare biyu, fitsari ya yi duhu. Enalapril da danginsa na sa su busasshen tari fiye da Turawa, don haka amlodipine da nifedipine suka fi yawa a can. Mu ma amlodipine ne ginshiƙi, amma da namu dalilin: gwajin CREOLE na 2019 a ƙasashen Afirka shida ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi wanda babu.

Hajiya Rabi

Haka ma mizanin ƙiba, wato lambar da ake samu idan an gwada nauyi da tsawo. Su daga 24 suke ƙirga nauyi ya wuce kima, daga 28 ƙiba, maimakon 25 da 30, ƙugu kuma santimita 90 ga namiji, 85 ga mace. Kitsensu a ciki yake taruwa, mutum na da siffar siriri amma suga ta kama shi. Da wannan mizanin, rahoton 2020 ya ce fiye da rabin manya sun wuce kima. Ciwon suga bai kai kashi 1 ba a 1980, ya kai 9.7 a 2008, 12.4 a 2018. Keke ya koma babur da mota, gona ta koma masana'anta, man girki ya haura giram 40 a rana alhali 25 zuwa 30 ake so.

Garin Daqing mai rijiyoyin mai ya ba duniya darasi a nan. A 1986 aka ɗauki mutum 577 da sugarsu ta fara hawa, aka sa wasu a tsarin abinci da motsa jiki na shekara shida kawai. Bayan shekara 30, waɗannan sun jinkirta kamuwa da kusan shekara huɗu, mutuwarsu ta ciwon zuciya ta yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Sai dai a lura, bambancin mace-macen bai fito sarari ba sai da aka haura shekara 20.

Malam Idi Maradi

Akwai tsohon ciwo da ban ji an ambata ba. A 1935 a gundumar Keshan ta Heilongjiang aka ga annobar kumburin zuciya da ke kashe yara da mata masu shekarun haihuwa. Daga baya aka gano ta bi wani zirin ƙasa daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma inda ƙasar noma ba ta da sinadarin seleniyam, kuma manoman da ke cin abin da suka noma kaɗai take kamawa. A shekarun 1970 aka raba ƙwayar seleniyam, ciwon ya faɗi warwas. Na kawo shi ne saboda gazawar zuciya bayan haihuwa da ta yi yawa a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ta da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, amma bincike a Yamai, daga baya a Kano, ya samu ƙarancin seleniyam a jinin matan.

Likita Sadiya

Alaƙar gaskiya ce Malam Idi, amma a yi hattara. Ko a Keshan ba seleniyam kaɗai ba ne, akwai hannun ƙwayar cutar Coxsackie, wadda ke ƙara zafi a jikin da ba shi da sinadarin, shi ya sa ciwon ke zuwa lokaci-lokaci. Kuma ya ragu har a wuraren da ba a raba ƙwayar ba, da hatsin wasu yankuna ya fara shigowa kasuwa. Tazarar da ke tsakanin amfani da guba a seleniyam ƙarama ce: babba na buƙatar kusan maikirogiram 55 a rana, yawansa na zubar da gashi da farce. A lardin Hubei, yankin Enshi, an ga wannan gubar. Mai jegon da ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matasai, hoton zuciya take buƙata, ba ƙwayar kanti ba.

Auwal K.

Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou: ana sayar da jan maganin kolestarol da aka yi da shinkafa, wai na gargajiya ne. Ya halatta a haɗa da na asibiti? Kuma wai aikin sa bututu a jijiya ya yi araha a can?

Bello Famasi

Xuezhikang yake nufi, ana yin sa daga shinkafar da aka tsima da wani jan naman gwari. Yana aiki, an gwada shi a mutum 4,870 da suka taɓa bugun zuciya, maimaituwa ta ragu sosai. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne sinadarin da ke cikinsa lovastatin ne sak. Wanda ke shan atorvastatin ko simvastatin ya ƙara da shi, statin biyu yake sha, haɗarin ciwon tsoka da hanta ya ƙaru. Mai ciki kada ta sha, kada kuma a haɗa da clarithromycin ko itraconazole. Na kanti da ba su da rajistar magani, wani kwalin da ƙarfi, wani kusan babu komai, wasu kuma na ɗauke da citrinin mai cutar da ƙoda.

Likita Sadiya

Na bututun kuma, a Nuwamban 2020 gwamnati ta yi sayen bai ɗaya, farashin ɗan bututun ragar ya faɗo daga kusan yuan 13,000 zuwa kusan 700. Kuɗin ƙarfen ke nan kawai. Gado, aikin, sauran kayan da magunguna daban ne, kuma baƙo ba ya cikin inshorarsu. Wanda aka sa wa zai sha asfirin da clopidogrel ko ticagrelor wata 6 zuwa 12 ba fashi, tsayar da su da wuri na iya toshe bututun lokaci guda. Ya karɓi takardar aikin mai nuna jijiyar da aka buɗe, girman bututun da ranar, a fassara masa ita kafin ya hau jirgi, ya kuma taho da maganin da zai kai shi har ya ga likitan zuciya a gida.